Na Nemi Gurbi a Cikin Firizata

Sallama gare ku masu bina a wannan shafi, har da ku da yatsa ya zame kuka faɗo yau. Ku gyara zama. Abin da zan faɗa muku ko ƙawata ban faɗa wa ba, wanda ya yi mini dariya kuma na bar shi da Allah.

Ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da huɗu, kuma ina da firiza. Ba firji na tsaye nake nufi ba, firiza ce ta kwance, fara sol, wadda mutum biyu za su kwanta ciki ba su gogi juna ba. Shekara uku na yi a shagon buga takardu ina shaƙar zafin injin kwafi, da mayafi ɗaya ruwan toka da takalmin da mai gyara ya ce ya gaji da ganinsa, kafin na iya sayenta. Nufina in riƙa ƙulla ruwa a leda, in daskarar, in sayar da ƙanƙara, in kama ɗan shago. Burina bai fi haka ba: in sayi sabulun wankana ba tare da an tambaye ni ina na watan jiya ya tafi ba.

Yau wata takwas da kawo ta. Ban sayar da ƙanƙara ko ɗaya ba.

Ranar da aka sauke ta a barandar gidanmu, kafin in gama cire ledar jikinta Umma ta zo da ɗan nama a kwano ta ce, "Auta, kwana biyu kawai." Wa zai hana uwarsa? Ashe bango ne ya tsage, ƙadangaru kuma suna nan sun yi layi. Matar Yaya ta kawo kaji shida. Yaya ya kawo batura cikin safa, wai sanyi na ƙara musu kwana. Goggo, ƙanwar Baba, ta kawo kyandirori da kwalaben turare da rigar sanyinta, wai asu na cinye mata ita. Maƙwabciyarmu ta kawo saman kek ɗin bikin 'yarta, an ce sai an cika shekara za a ci, alhali auren ya mutu tun wata na uku.

Sai kuma kifin Kawu. Kawu, wan Umma, ya je kamun kifi sau ɗaya a rayuwarsa, Allah ya haɗa shi da wani kifi mai tsawon ƙafar babban mutum. Ya tura wa abokinsa da ke ƙasar waje hoto, abokin ya ce haɗin waya ne. Kawu ya rantse ba mai cin kifin nan sai abokin ya dawo ya gani da idonsa ya ba da haƙuri. Abokin kuwa saura shekara biyu kwantiraginsa ya ƙare. Kifin ya cinye kashi ɗaya cikin uku na firizata, yana kwance baki buɗe, duk sanda na ɗaga murfi sai mu haɗa ido.

Duk wannan da sauƙi, sai da Baba ya shigo cikin maganar. Baba ya yi shekara talatin da biyar a ofishin ajiyar fayil, tun da ya yi ritaya kuwa bai samu abin jerawa ba sai takalman ƙofar ɗaki. Da ya leƙa firiza ya ga kaya birjik, sai na ga fuskarsa ta yi haske irin wanda ban gani ba tun ranar da aka haifi jikansa na fari. Washegari ya zana taswira da jan biro da shuɗi, ya manna a kan murfi. Kayan manya a sama, na yara a ƙasa, bisa shekarun haihuwa, ban da kifi da girmansa ya sa aka bar shi a ƙasa. Ya kuma buga fom. Duk mai son ajiya sai ya cike suna, da irin kaya, da dalili, da sa hannun shaida ɗaya.

"Baba, ni fa? Ina zan sa ƙanƙarata?"

"Kin cike fom?"

"Baba, firizata ce."

"Ban ce ba taki ba ce, Auta. Ko shugaban ofishinmu in yana son fayil sai ya cike. Tsari ke nan."

Jama'a, na cike. Da hannuna na rubuta dalili: "Domin ita na saye ta." Umma ta yi mini shaida. Bayan kwana uku na duba taswira, can ƙasa, a gefen hoton kifi, Baba ya rubuta da ƙananan baƙaƙe: "Auta, ana dubawa."

To, yanzu bari in zo kan wanda na san shi kuke jira. Da kaya suka yi yawa murfi ya daina rufuwa, robar baki ta yage, aka kira mai gyara. Na farko ya ga kifi ya ce zai dawo, bai dawo ba. Na biyu shi ne Injiniya. Dogo ne, baƙi, da shuɗiyar rigar aiki wadda aka goge har tana da kari, da ɗan sukudireban gwada wuta a bayan kunne. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya karanta taswira tun daga sama har ƙasa bai yi dariya ba, ya juyo ya dube ni ya ce, "Ke ce ana dubawa?" Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. A wayata har yau sunansa Mai Gyara Na Biyu.

Wasu 'yan mata ana tura musu fure da baitoci. Ga irin nawa, na ranar Litinin da ta wuce:

"Barka da safiya ranki ya daɗe. Kin taɓa bayanta kin ji ko ta yi zafi?"

"Na taɓa. Lafiya lau."

"Madalla. Ke fa?"

"Ni ma ban yi zafi ba."

"Alhamdulillah. A riƙa barin taƙi ɗaya tsakaninta da bango. Na yi kewarki."

Ku faɗa mini gaskiya, wace zuciya ce ba za ta motsa ba? Ina sonsa. Na faɗa, kuma ba zan goge ba. Amma na yi wa kaina alkawari ba zan tashi daga "Baba a ba ni" in faɗa "Maigida a ba ni" ba, sai na ga kuɗin gumina a tafin hannuna tukuna. Umma kuwa ta riga ta gama lissafinta.

"Yaron nan mai hankali ne, Auta. Ga sana'a, ga ladabi. Kuma in kika aure shi gyara kyauta ne har abada."

"Umma, ni za a aura ko firiza?"

"Ke dai ki yi tunani. Robar bakin nan kaɗai kin san nawa ce?"

Ranar Talata sai ga kira daga Madam mai ɗakin taron da ke bayan tashar mota, wadda na taɓa buga wa katunan gayyata. Ta ce mai kawo mata ƙanƙara ya yaudare ta sau biyu. Tana son leda ɗari da ashirin ranar Asabar kafin sha biyun rana, kuma in na cika alkawari, ni zan riƙa kawowa kowane mako. Na ce mata, "An gama, Madam," da wata murya irin ta mai firiza goma. Da na ajiye waya na hau lissafi. Kowane mako, jama'a! Wata huɗu a haka na kama shago. Amma ruwa yana son kwana biyu cur kafin ya daskare har ciki, wato zuwa azahar ɗin Alhamis dole firizata ta zama tawa, ko kuwa in sha ruwan ledojina.

A ranar na ƙulla ruwan duka, na jera a bokitai da bahon wanki da akwatin kayana da na juye a kan gado. Sannan na sa doguwar rigata mai ruwan ganye, wadda nake sawa in zan roƙi abu, na sami Baba a falo.

Ya saurare ni har ƙarshe, yana gyaɗa kai. Ya ce magana ce babba, sai an kira masu ruwa da tsaki. Da la'asar falo ya cika. Goggo ta zo da jakarta a cinya kamar mai jiran mota, Kawu ya zo da hoton kifi a waya, maƙwabciya ma ta zo, wai wakiliyar kek.

"Ni dai rigata ba ta da nauyi," in ji Goggo. "Kifi ne matsala."

"Kifi shaida ne!" Kawu ya miƙe tsaye. "Mutuncina ne a kwance a cikin firizar nan. So kuke a ce na yi ƙarya?"

"Kawu, a yanka shi biyu mana," in ji matar Yaya.

"A yanka? In ya dawo in nuna masa me, rabin gaskiya?"

Na ce, "Don Allah ku ji ni. Kwana biyu kawai nake roƙo, a cikin abin da na saya da kuɗina."

Goggo ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Oh, yau kuma da kuɗina ake ce mana? Yarinyar da na goya har bayana ya yi kanta? To Allah ya ba mu namu." Ta fara share ido da bakin mayafi, ido kuwa a bushe ƙamas. Nan take na zama mai laifi, har na ji bakina yana ba da haƙuri ban aike shi ba. Baba ya rufe taro da cewa an kafa kwamiti, shi ne shugaba, Kawu sakatare, za su zauna ranar Litinin.

Na shiga ɗaki na zauna tsakanin bokitai na yi kuka sosai. Na tura wa Injiniya saƙon murya na minti shida, rabinsa jan hanci. Amsarsa ta zo a taƙaice: "Ki bar kuka. Gobe da safe zan zo da magani."

Laraba da hantsi sai ga mota a ƙofar gida, ga Injiniya cikin farar shadda da hula, sukudireban nan dai yana bayan kunne. A bayan motar akwai firiza. Tsohuwa ce da wani ya bar masa a shago, ya gyara ta, ya fesa mata fenti. Ya durƙusa gaban Baba ya ce kyauta ce ga gida, domin a kwashe kayan dangi a zuba a ciki, a bar wa Auta tata. Umma ta yi guɗa ƙasa-ƙasa. Ni kuwa na tsaya bayan labule ina jin zuciyata tana narkewa, ina cewa a raina, wannan bawan Allah ko gobe ya turo.

Ashe ana kukan targaɗe ne karaya na tafe. Kafin azahar labari ya zaga dangi da unguwa cewa gidanmu firiza biyu ne yanzu. Surukar Yaya ta aiko da cinyar sa. Mai kantin bakin layi ya kawo katan huɗu na lemo, ya ce ai maƙwabtaka ta fi zumunta. Wata da ban taɓa gani ba ta ce ita 'yar ƙanwar matar Kawu ce, ta kawo furannin roba, har yau ban san dalili ba. Baba ya fito da tebur baranda, ya sa tabarau, yana karɓar fom yana buga hatimi, ya raɗa wa firizocin suna Reshe na Ɗaya da Reshe na Biyu. Kafin magariba duk biyun sun cika har sai an zauna a kan murfi. Kayan da ke cikin tawa ko tsinke ba a ɗaga ba.

Na duba sabuwar taswira. An ciyar da ni gaba, ba laifi. Yanzu an rubuta: "Auta, ana dubawa, cikin gaggawa."

Saƙon Injiniya ya shigo: "Na ji abin da ya faru. Na yi kuskuren lissafi. Na auna firiza, ban auna dangi ba."

Na kifa wayar a kan gado. Ba fushi nake da shi ba, ƙarfin riƙe waya ne ba ni da shi.

Alhamis da safe ina zaune a baranda a kan murfin firizata, da zanin barci da hular gashi, ina shirya yadda zan kira Madam in ce mata na fasa. Baba ya fita buga ƙarin fom, domin na jiya sun ƙare. Sai Umma ta fito daga kicin tana goge hannu, ta tsaya tana kallona.

"Sauka," ta ce.

"Umma, ba wuri fa. Ko allura ba za ta shiga ba."

"Na ce sauka. Ɗauko tabarma."

Na shimfiɗa tabarma a falo. Umma ta ɗaga murfi, ta ciro kwanon namanta da fari, ta dangwarar. Sai kaji. Sai safar batura. Tana fitarwa tana magana, ba ta dube ni ba.

"Kafin a haife ki ina da keken ɗinki. Da kuɗin kitso na saya, shekara huɗu ina tarawa. Na ɗinka wa dangin ubanki, na ɗinka wa nawa, na yi wa unguwa facin wando. Shekara goma sha ɗaya, Auta, ba wanda ya taɓa ba ni ko kuɗin zare. In na buɗe baki sai a ce haba, ke da ɗan'uwanki? Da keken ya lalace, ba wanda ya tambayi nawa ne gyara. Wani gida suka koma." Ta jefa rigar Goggo a kan tabarma. "Shekaranjiya da kika ce da kuɗina, kika kuma ba da haƙuri, muryata na ji. Kuma ni na fara sa miki kwano a ciki. Riƙe nan."

Ban taɓa sanin Umma ta iya ɗinki ba. Na tsaya da kek ɗin mutane a hannu, hawaye na zuba a kansa.

Kifin ne ya ba mu wuya, domin ya manne da ƙasan firiza. Sai da Umma ta zuba ruwan ɗumi, na kama wutsiya ta kama kai, muka ja da salati. Muka naɗe shi cikin bargon Baba, muka kwantar da shi a doguwar kujera, Umma har da sa masa matashi. Ta ɓare taswira daga murfi, ta ninke ta da kyau, ta ajiye a kan teburin Baba.

"In firizar nan ta kwana a gidan nan, gobe ta cika," ta ce. "Fitar da ita. Ubanki da Kawunki ki bar ni da su."

Fitar da ita zuwa ina? Shago ba ni da shi. Soket ɗaya na sani a duniya wanda ba na dangina ba. Na ɗauki waya na kira Injiniya.

"Akwai wuri a shagonka?"

"Akwai. Har da taƙi ɗaya na bango."

"Zan biya kuɗin wuta. Kuma kwaɗona zan sa, makulli a hannuna."

"Na yarda. Ko ni sai na nemi izini."

Umma ta tsayar da masu kurar ɗaukar kaya biyu, ɗaya ya ɗauki firiza, ɗaya bokitan ruwa. Na zura baƙar abaya a kan zanin barci, na bi su a ƙasa, silifas ɗina wari da wari. Muna fita layi muka yi kiciɓis da Goggo tana tahowa da wata leda. Ta buɗe baki, na ce, "Ina kwana Goggo," ban tsaya ba. Ban taɓa wuce babba ban tsaya ba sai ranar.

Shagon Injiniya ɗaki ɗaya ne mai warin gas da man inji, firji matattu jere a bango, fanka na juyawa da ƙyar. Ya share kusurwa guda, har ya shimfiɗa katako. Ya ce a bar ta ta huta awa ɗaya kafin a kunna, muka jira, muka kunna, muka jera ledoji ɗari da ashirin da hannunmu, yana miƙo mini ina sawa. Saura ɗan wuri a sama, kamar faɗin tire. Na rufe murfi na ji ta fara gurnaninta a hankali. Ƙarfe ɗaya saura kwata. Na yi dariya, shi ma ya yi, na ciro kwaɗo daga jaka.

Sai muka ji sallama.

Wata dattijuwa ce a bakin ƙofa, cikin leshi ruwan hoda da mayafi mai duwatsu, doguwa, da irin hancin Injiniya sak. A kowane hannu tana riƙe da leda mai nauyi. A bayanta wasu mata biyu, ɗaya da kular abinci a ka, ɗaya tana jan buhu.

"Mama," in ji Injiniya, muryarsa ta koma ta ɗan shekara bakwai. Mahaifiyarsa ce, wadda ban taɓa gani ba, wadda na yi wata uku ina tunanin kayan da zan sa ranar da zan gaishe ta. Ga ni da zanin barci a ƙarƙashin abaya. Na zube ƙasa na gaishe ta.

"Tashi, tashi ɗiyata. Masha Allah, ashe haka kike kyakkyawa. Yanzu ake gaya mini kin kawo mana firiza. Na ce kai, wannan yarinya tun ba ta shigo ba ta fara haɗa kan dangi." Ta ɗaga ledojin. "Buɗe mini in sa 'yan kayan nan. Waɗannan ƙannena ne, su ma da ɗan nasu."

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Na dubi Injiniya, ya dubi fanka. Na san in ledar nan ta shiga, buhun ma zai shiga, a fitar da ruwana a ba su wuri, Asabar ta zo ta wuce, in tsufa ina gaya wa tawa 'yar cewa na taɓa yin firiza. Na kuma san in na hana, wataƙila na rasa mutumin da ya fi kowa sanin zafin bayan firizata da nawa. Tsoro ya kama ni. Na miƙe, na ɗora tafin hannuna a kan murfi.

"Mama, ki yi haƙuri. Ta sana'a ce, kuma a cike take. Daga ranar Lahadi akwai ɗan wuri a sama, amma kowace leda da kuɗinta."

Sukudireba ya faɗo daga bayan kunnen Injiniya, ya gangara ƙarƙashin wani mataccen firji. Mai kula ta sauke kularta. Mama ta ajiye ledojinta a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, ta gyara mayafi, ta juya wajen ɗanta.

"Kai. Wannan ce ka ce mini kana so ka aura?"

Ya dube ta, ya dube ni. Ni dai ban ɗaga hannuna daga kan murfin ba.